GONA DA GIDA: Reshe Ma Iri Ne



A watan jiya wasiƙa ta iso mana daga wani ɗanmu da ke koyon aikin gona a ƙasar Turai. Iyayensa mutanen wajen Bugaje ne, a ƙasar Jibiya, dab da iyakarmu da Nijar. Ya ce a makarantarsu akwai wurin renon itatuwa, an sa su suna yankan rassan wani ƙaramin itace na ƙasar, suna kafawa cikin yashi domin su yi saiwa. Mutanen Ingila suna ce da itacen hezal, Larabawa kuwa bunduƙ. 'Ya'yansa ba su fi gujiya girma ba, ɓawonsu da tauri, ƙwayar ciki kuwa da mai da gardi, har akan zuba ta cikin cakulan. Tambayarsa ita ce, in ya tashi zuwa hutu, ko ya taho da rassan ya dasa a gonar babansa?

Ɗanmu, kada ka nauyaya jakarka a banza. Wannan itace na ƙasar sanyi ne. Fiye da rabin abin da duniya ke ci ana noma shi a Turkiyya, a kan tuddan gaɓar Bahar Aswad, inda ake samun ruwan sama rani da damina. Sai ya sha sanyi mai tsanani na makonni da yawa kafin ya yi 'ya'ya sosai. Hunturunmu na Disamba da Janairu bai ishe shi ba, zafin Afrilu kuwa sai ya ƙone shi ƙurmus. Masana harshe sun ce daga sunansa na Larabci bindiga ta samo nata, gama harsashin zamanin da ɗan dunƙule ne mai kama da 'ya'yansa. To, bindigar kam ta iso ƙasar Jibiya, har ta yi mana yawa. Itacen dai ba zai zo ba.

Amma aikin da kake koyo, wannan ka riƙe shi da hannu biyu, ka kawo mana gida. Sai dai ka sani ba baƙo ba ne a nan. Wa ya taɓa ganin an shuka rogo da 'ya'ya? Itacensa ake sara a binne. Haka rake, haka yaɗon dankali. Ceɗiyar da dattawa ke zama ƙarƙashinta a ƙofar mai gari, reshe ne wani ya kafa shekaru da yawa da suka wuce. Abin da muka rasa shi ne mu mai da wannan sani ga ƙananan itatuwan dajinmu, waɗanda ke ƙarewa muna kallo.

Wanda ya yi noma a wajen Bugaje ya san abin da muke nufi. Ƙasar jigawa ce, ruwan shekara kuwa kamar milimita 600, wata shekara ma bai kai ba. Kafin ruwan fari ya sauko, iska ce ke fara zuwa. In gona fili ce fetal, sai rairayi ya taso ya binne geron da ya tsiro, ko ya yanke shi kamar da aska. Mutum ya yi shuka sau biyu, sau uku, irin da ya ɓoye ya ƙare. Ga awaki. Waya ta fi ƙarfin aljihun talaka, shingen ƙaya kuwa kowace shekara sai an sari sabo, watau muna kashe daji domin mu tsare gona. Ga kuma matanmu da 'yan matanmu da ke tafiya nesa neman itacen wuta, a shekarun nan da shiga daji a wannan yanki ya zama sai da addu'a. Shinge mai rai yana rage waɗannan duka, ba kuwa a sayensa da kwabo.

Bari mu fara da aguwa, wadda wasu ke kira ayyara, gama a kanta muka sha kunya. Wata shekara muka so mu kewaye filin wata ƙaramar majami'a. Muka tara matasa cikin watan Agusta, ana tsakiyar marka, muka ce yanzu ƙasa ta jiƙu, kome aka dasa zai kama. Aka sari aguwa da safe, aka kafa kafin azahar, ƙaron yana ta zuba fari fat. Ranar da ba a yi ruwa ba, mu da kanmu muka bi ta da bokiti. Mako uku ba su cika ba sai gindin ya yi baƙi ya ruɓe, kusan duka. Wani dattijo maƙwabcinmu, Musulmi, wanda ya yi ta kallonmu daga bakin gonarsa, ya zo ya tsaya. Muka gaishe shi, muka ce, "Baba, ka ga abin da ya same mu." Ya yi murmushi ya ce, "Malam, aguwa ba jinjiri ba ce. Ku bar ta ta ji ƙishirwa tukuna."

Ga yadda ya koya mana, mun kuwa gwada mun ga gaskiyarsa. Ana sarar aguwa da bazara, cikin Afrilu ko Mayu, sa'ad da ta kakkaɓe ganye. A zaɓi reshe mai kaurin babban yatsa ko fiye, tsawonsa kamu biyu. Kada a kafa shi ranar. A jingine shi a inuwa kwana huɗu zuwa mako guda, har ƙaron ya bushe, bakin saran ya rufe. Sa'an nan a ja dogon rami mai zurfin taƙi ɗaya da rabi, a jera rassan taƙi taƙi, a mai da ƙasa a tattake. Ba a ba ta ruwa ko kaɗan. Ruwan da ke cikin jikinta ya ishe ta jira, ruwan fari kuwa shi zai tashe ta. Dabbobi ba su cika damuwa da ita ba, shi ya sa kakanninmu suka bi gefen burtali da ita. A Nijar da Muritaniya da ita ake ɗaure tudun rairayi mai tafiya. Abu ɗaya za mu ja kunne: ƙaron nan ba ya shiri da ido. Kada a ba ƙananan yara wannan aiki. In ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa nan da nan, in zafin bai lafa ba a tafi asibiti.

Dashi ma haka yake, da rani ake kafa shi, ba ya son laima a farko. Amma shi awaki da raƙuma suna son ganyensa, saboda haka a sari babban reshe mai kaurin tsintsiyar hannu, wanda in an kafa zai kai ƙirjin mutum, domin tohon ya fito inda bakin akuya ba ya kai. In aka haɗa layin dashi da layin aguwa, ga ƙaya ga duhu, ko ɗan akuya sai ya yi da gaske. Ararrabi yana kamawa ta wannan hanya. Ceɗiya da durumi kuwa sun fi son a kafa su a bakin damina, a nesa da katanga da rijiya, gama saiwarsu ba ta da kunya.

Akwai baƙi biyu da suka daɗe har suka zama 'yan gida. Zogale daga Indiya ya fito, cini-da-zugu kuwa daga tsakiyar nahiyar Amurka. Dukansu suna kamawa da reshe. Na zogale ya kai kamu biyu ko uku, a binne kashi ɗaya cikin uku, a zuba toka a ramin saboda gara. Wanda ya taɓa bin kwarin Gulbin Maraɗi ya ga yadda ganyen zogale ya zama sana'a, ana cika buhuna da shi. Cini-da-zugu shinge ne mai kyau, amma iyaye mata ku ji wannan: 'ya'yansa suna da gardi a bakin yaro kamar gyaɗa, guba ne kuwa. Kaɗan ya isa ya sa amai da zawo mai tsanani. Mu dai ba mu ba da shawara a dasa shi cikin gida ko kusa da makaranta ba.

Waɗannan duka kai tsaye ake kafa su inda za su zauna. Wurin reno kuwa na masu ƙananan rassa ne, irin su lalle da rumman, waɗanda in an kai su gona tun suna tsinke rana za ta cinye su. Ba abin tsoro ba ne. Zumuntar mata ko ƙungiyar matasa na kowace ikilisiya za su iya yinsa a bayan majami'a, in akwai rijiya kusa. A kafa rumfa da kara, wadda rana ke ɗan ratsawa, a kewaye ta sosai, gama akuya ɗaya ta isa ta share aikin wata uku kafin a tashi daga sujada. A sa yara su tattaro ledojin ruwan sha da ke zube ko'ina a kan titi, a yanke bakin, a huda gindin wuri uku ko huɗu. A cika su da yashi kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Ruɓaɓɓe muka ce. Ɗanyen taki yana ƙone reshe, yana kuma kiran gara.

Da sassafe ake yanka, kafin rana ta yi zafi, da wuƙa mai kaifi wadda aka wanke. Kada a karya da hannu. A nemi reshen bara wanda ya fara ƙwari, mai kaurin fensir, ba ɗanyen toho ba, ba kuma tsohon da ya bushe ba. Tsawonsa taƙi ɗaya, watau wajen santimita 20, da ido uku ko huɗu a jikinsa. A yanke gindin a karkace, dab da ƙarƙashin ido, saman kuwa a yanke shi daidai. Dalilin wannan shi ne domin kada a manta ina ne kai ina ne gindi, gama reshen da aka kafa a juye ba ya kamawa, mun kuwa ga manya masu gemu sun yi wannan kuskure. A tsige ganyen ƙasa, a bar biyu a sama, su ma in manya ne a rage su rabi. Reshe ba shi da saiwar da zai sha ruwa, ganye kuwa ta nan ruwa ke fita. A huda yashin da tsinke, a sa rabin reshen ciki, a danna da yatsa.

Ruwa kaɗan kaɗan, safe da yamma, yashin ya zauna da laima amma kada ya yi caɓi. In iska ta bushe ƙwarai, a lanƙwasa tsumagu a kan ledojin, a rufa farar leda babba, sai raɓa ta taru a ciki. Amma a inuwa kaɗai ake yin haka, a kuma buɗe kowace safiya ya sha iska, in ba haka ba sai ka dafa su kamar ganyen kwaɗo. A manyan garuruwa ana sayar da wata hoda da ake tsoma gindin reshe a ciki domin saiwa ta fito da wuri. Tana aiki, amma lalle bai roƙe ta ba.

Sauran aikin haƙuri ne. Cikin mako biyu za ka ga toho, ranka ya yi fari. Kada ka ruɗu, wannan da abincin da ke cikin reshen ya fito, wataƙila saiwa ba ta soma ba. Kada kuwa ka tuge domin ka duba. A bar shi mako shida ko fiye. In saiwa ta leƙo ta hujin leda, a riƙa ɗaga ledojin ana sake musu wuri kowane mako biyu, kada ta kama ƙasa. Mako biyu kafin dashe a rage rumfar, a rage ruwan, su saba da wahala. In damina ta zauna, wajen watan Yuli, a haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, a yage ledar a hankali, a dasa da yamma. A tattara ledojin, kada a bar wa dabbobi su haɗiye.

Abu biyu ya kamata mai wannan aiki ya sani. Reshe ba ya canza hali: abin da uwar take, shi zai zama. In lallen uwar yana kama hannu ja wur, na 'yar ma haka. In uwar mai ciwo ce, ka raba ciwon ga gari duka. Saboda haka a zaɓi uwa mai lafiya, kada kuma a ɗebo duka daga gindi ɗaya. Na biyu, itacen da ya tashi daga reshe ba ya yin doguwar saiwar nan da ke nutsewa ƙasa neman ruwa, saiwarsa a sama take bazuwa. Babbar iska takan kayar da zogalen reshe ta bar na iri a tsaye. Domin haka gawo da kuka da tsamiya, da duk babban itacen da kake so jikokinka su gada, da iri za ka shuka.

To, akwai kuma masu taurin kai. Ɗanmu, ka tambayi malamanka, za su faɗa maka ko hezal ɗin ba kowane reshe ke kamawa ba. Shi ya sa tun da can manomansa sukan lanƙwaso reshe yana jikin uwar, su binne tsakiyarsa, sai ya yi saiwa sa'an nan su yanke. Sabara takan yarda da wannan dabara, har takan yi da kanta in rairayi ya rufe reshenta. Magarya da iri ake tayar da ita, sa'an nan a yi mata aure da irin Indiya mai manyan 'ya'ya, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Kalgo da wuya ya kama da reshe. In kuwa kana neman ɗan'uwan hezal a ƙasarmu, watau ƙaramin itacen daji mai ƙwaya da ake ci, anza ce. Tsofaffin da suka ga yunwar 1984 sun san ta. Ƙwayarta da ɗaci, sai an jiƙa ta kwanaki ana sake ruwa kafin ta ciwu, amma ta riƙe rayuka da yawa a shekarar da gero ya ƙi. Ita ma ba ta son leda, ba ta son reshe, irinta kuwa ba ya jure ajiya, girmanta a hankali.

Maganin irin waɗannan daga ƙetaren iyaka ya zo, ba nisa da Bugaje. A 1981 wani mishan na SIM, mutumin Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, ya zo Maraɗi aikin dasa itatuwa. Ya yi reno, ya yi dashe, yawancinsu suka mutu, har ya kusa fid da zuciya. A 1983, wata rana ya tsaya a hanya yana rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi, sai ya lura da ƙananan tsirran da ke ko'ina cikin gonaki. Da ya duba ganyen sai ya gane ba ciyawa ba ce, tohon kututturan itatuwa ne da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Kowace shekara suna tohowa, kowace shekara manomi na sassabe su. Ya roƙi manoma kamar goma su gwada barinsu, mutane suka yi ta yi musu dariya. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abinci da wannan aiki a ƙauyuka da yawa. Da abincin ya ƙare, da yawa suka koma suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari sun ga itacen wuta a bakin gona, sun ga gero bai ragu ba, maƙwabci kuma ya gani ya kwaikwaya. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, masu bincike suka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Mutanen Maraɗi suka sa wa aikin suna sassabin zamani. Wanda Littafi Mai Tsarki ke kusa da shi ya buɗe Ayuba sura 14, daga aya 7 zuwa 9, zai ga maganar kututture ce.

Yinsa ba wuya. In ka zo sharar gona ka iske gindin sabara ko kalgo ko anza, kada ka aske shi duka. Ka zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu ƙananan rassan gefe har rabin tsawonsu, kana sara daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawon ya yage. Ka ɗaura ɗan tsumma, mai wucewa ya san da mai shi. Tsohuwar saiwa ce ke ciyar da su, shi ya sa cikin shekara biyu sukan tsere wa duk abin da ya fito daga leda. A namu gefen, a ƙarshen shekarun 1980, an yi babban aikin dasa itatuwa a arewacin Jihar Katsina da taimakon ƙasashen Turai, layukan dogon yaro da aka dasa sun kuwa yi amfani. Amma irin wannan aiki da kuɗi yake tafiya. Kututturen gonarka ba ya jiran kasafin kowa.

Saura magana ɗaya, ita ce kuwa ta fi kawo ƙara gaban mai unguwa. Shinge mai rai shaida ne, in ya kama ya kama ke nan. Kada ka kafa shi a iyakar gona sai ka kira maƙwabcinka, kun tsaya tare kun ja layi, da dattijo ɗaya ko biyu a wurin. In akwai shakka, ka ja da baya taƙi ɗaya cikin naka. Gonar aro ko ta haya ba a dasa mata itace sai da yardar mai ita, gama a al'adarmu dasa itace kamar cewa ne gonar taka ce. Kada ka ci burtali, kada ka toshe hanyar rijiya. Rassan ma kada ka sara a shingen wani ba da izini ba. In ka roƙa, da wuya a hana ka. Mu da muke kaɗan a cikin gari, ya kamata a san mu da wannan. In renonku ya yi albarka, ku miƙa wa maƙwabta na kowane gefe, har da irin dattijon nan da ya koya mana aguwa. Mun kai masa lalle guda biyar domin iyalinsa, ya karɓa ya ce zai gani ko mun koyi wani abu.

Masu niyyar aguwa da dashi, kwanakin sara ke nan, kada ku jira hadari ya haɗu. Ɗanmu na Turai kuwa, in ka zo hutu ka taho da wuƙar yankan reshe mai kyau, ka bar rassan a can. A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba yadda ake yi wa magarya aure.